Daga Ɗaukar Kai Zuwa A-kori-kura: Tarihin Itacen Girkinmu a Jos

Duk wanda ya saba fitowa sallar asuba ta wajen Titin Bauchi ya san ta. A-kori-kura ce ke shigowa gari a hankali, bayanta ya kusa taɓa kwalta, an lafta mata itace har ya ɗara kan direba, an ɗaure da igiya, yaron mota yana can bisa ya dunƙule saboda sanyi. Yaranmu sun tashi sun tarar da haka, suna zaton tun fil azal haka abin yake. To, ba haka ba ne. Itacen nan yana da tarihi, kuma tarihinmu ne.

Kuza ce ta kawo yawancin kakanninmu tsaunin nan. Tun kafin Turawa, maƙeranmu suna narka ta da gawayi a Ririwai da Liruwen Dalma. Da kamfanonin Turawa suka fara haƙa a wajen Naraguta a farkon shekarun 1900, sai leburori da fatake da mahauta suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, aka tsara garin Jos a 1915. Mutanen da suka saba da zafin Arewa sai ga su a tudun da ya kai wajen mita 1,200. Nan wuta ba ta tuwo ce kaɗai ba. Da ita ake jin ɗumi, da ita ake ɗuma ruwan alwala, a gefenta almajirai ke karatun dare.

A wancan zamani itace a ka yake zuwa. Matan Birom da Anaguta da Jarawa ne ke saukowa da shi daga ƙauyukansu zuwa barikokin haƙar kuza da kasuwar gari, su sayar, su sayi gishiri da kanwa da ƙyalle su koma. Kakanninmu mata kowace tana da tata mai itace da ta sani da suna, har bashi ake yi tsakaninsu. Masu jakuna kuma suna kawo na nesa kaɗan.

Amma tudun nan da ma ba mai duhun daji ba ne, ga bakuna sun ƙaru. Layin dogo na Kafanchan ya iso a 1927 da kwal daga Inugu, kamfanin NESCO ya kawo lantarki daga Kurra, sai dai waɗannan na injinan kamfani ne. Talaka dai murhunsa na duwatsu uku. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ta ɗebo mutane dubbai aikin tilas a ramukan kuza, kowa kuwa sai ya hura wuta. Ƙasa ta yi tsirara har gwamnatin Turawa da kanta ta tsorata. Daga ƙarshen shekarun 1940 ta shiga dasa turare a kan tulin ƙasar da aka haƙe. Dogayen bishiyoyin da muke gani ta wajen Bukuru, asalinsu ke nan.

Da na kusa ya ƙare, sai aka koma wa mota. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma mu da muka haura hamsin mun tashi muna ganin a-kori-kura 404 da 504 suna wannan aiki. Mota ce mai haƙuri: tana shiga hanyar da babbar mota ba ta iya bi, kowane bakanike a Dilimi kuma ya san cikinta. Da ita aka fara ɗauko itace daga ƙasar Toro, ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, da kuma ta hanyar Zariya, wajen Jengre da Saminaka. Sana'a ta kafu: mai sara a daji, direba, dillali, mai faskare, sai mai ƙullawa ya sayar ɗauri-ɗauri. Gidajen burodi da masu tsire da masu ƙosai duk a kanta suka dogara.

An yi ɗan lokaci risho ya so ya kori murhu, sa'ad da kananzir ke da araha. Bai daɗe ba. Tsadar da ta biyo bayan 1986 da wahalar mai ta shekarun 1990 suka mayar da mata kan itace da murhun garin katako, wanda har yau ake ce masa Abaca. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, ɗaurin itace ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Tun rikicin 7 ga Satumba 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni suka rabu. Matan da iyayensu ke shigowa har tsakar gidajenmu da kayan itace, da yawansu sun daina. Ba itace kaɗai muka rasa ba, mun rasa gaisuwa da sanayya.

Ku tambayi kowane tsohon direba, zai ce muku inda yake lodi yana saurayi yanzu gona ce ko fili fetal. Kirya da marke sun yi wuya, har gatari ya fara hawa kan kaɗanya da ɗorawa, waɗanda iyayenmu ba sa sara. Nisan da a-kori-kura ke yi kafin ta cika, shi ne ma'aunin dajin da muka cinye.

Jama'a, mun haura shekara ɗari a garin nan, kuma kullum muna cewa nan ne gidanmu. Gaskiya ne. Amma baƙo ne ke sara ya wuce, mai gida dasawa yake yi. Addininmu ya lissafa dashen bishiya cikin sadaka, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a cikin garin nan, da masana da za a tambaya irin da ya dace. Damina mai zuwa, kowane masallaci da kowace Islamiyya a unguwar nan su nemi inda za su dasa ko da goma ne, a sa yara ban ruwa da rani. 'Yan itace da masu gidan burodi, ku ya kamata ku fara kawo gudummawa, don ku ne za ku fara jin jiki ranar da mota ta dawo wayam.

Allah Ya ba mu ikon mayar da abin da muka ci.