MUƘALAR MAKO: Yadda Wanda Ake Ƙara Ya Samu Bakin Magana a Kotunanmu

Da wuya mu kai ƙarshen labari ba mu shiga kotu ba, ko a kan kisa, ko gado, ko bashi, ko raba aure. A wannan mako za mu bi tarihin mutumin da ke tsaye gaban alƙali, mu ga haƙƙin da yake da shi, da nauyin da ke kansa, da yadda aka yi ya same su. Mai karatu da yawa bai taɓa taka kotu ba. Abin da ya gani a littafinmu shi zai ɗauka doka ce, har ranar da aka kawo masa sammaci.

Kafin zuwan Turawa, alƙalan Daular Usmaniyya suna hukunci da mazhabar Malikiyya, Tuhfa ta Ibn Asim na cikin littattafan da suke dogara da su. Ƙa'idar ita ce mai ƙara ne zai kawo hujja, wanda ya musanta kuma rantsuwa ke kansa. Akwai kuma i'izari: kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ko yana da sukar da zai yi wa shaidu. In an tsallake wannan mataki hukuncin na iya rushewa. Wanda ake ƙara shi ma da nasa nauyin. Dole ya amsa kiran alƙali, ya yi iƙirari ko ya musanta. In an ba shi rantsuwa a rigimar dukiya ya ƙi, sai a mayar wa mai ƙara, ya rantse ya karɓi abinsa.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna, amma suka hana yanke hannu da makamantansa, suka kuma kawo nasu kundin laifuffuka. Aka wayi gari da doka biyu a ƙasa ɗaya, makomar mutum ta rataya ga kotun da aka kai shi. Wannan ya fito fili a 1947 a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Ya kashe mutumin da ya tarar tare da matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, saboda a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa ba a kashe shi. Sarakuna suka ji haushin wannan hukunci, aka shafe shekara goma ana gyara doka ana sake gyarawa. A 1959 kuma, a shari'ar Guri da En'e ta Haɗeja, Kotun Ƙolin Tarayya ta rushe hukuncin da aka yi wa wanda ake zargi da fashi, don ba a ba shi damar kare kansa ba.

A wannan zamani lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali. 'Yan NEPU sun sha kokawa cewa ana amfani da kotunan En'e ana ɗaure su, ƙananan ƙabilu ma suka kai nasu koken gaban Kwamitin Wilink. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Shawararsu ce ta haifi Finalkod, wanda aka ɗora kan samfurin na Sudan, ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe samun 'yanci. Daga nan ba a hukunta mutum sai a kan laifin da ke rubuce a doka.

Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnati. Hana lauya shiga kuwa ya ci gaba, sai bayan tsarin mulkin 1979 kotuna suka ce hanin ya saɓa wa 'yancin mutum na ɗaukar lauyan da yake so. Hukumar Taimakon Shari'a, mai ba marasa hali lauya kyauta, an kafa ta a 1976.

Amfanin waɗannan haƙƙoƙi ya bayyana bayan dawo da hukunce-hukuncen haddi a 2000. An yanke wa Safiya Husaini jifa a Gwadabawa a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta a Maris 2002, cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki. Amina Lawal, da aka yanke wa irin wannan hukunci a Bakori, kotun Katsina ta wanke ta ran 25 ga Satumba, 2003, da rinjayen alƙalai 4 cikin 5. Hujjojin daga cikin fiƙihun Malikiyya suka fito, kamar halaccin janye iƙirari da maganar kwantaccen ciki.

Yau sashe na 35 da na 36 na tsarin mulkin 1999 su ne garkuwar wanda ake tuhuma. Ba shi da laifi har sai an tabbatar. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya. Za a faɗa masa laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, ya yi wa shaidu tambayoyi, ya kira nasa. In akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne wa'adin gurfanar da shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda Kaduna ta yi irinta a 2017, Kano a 2019, ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Dokar 2017 ta mai da azabtarwa laifi.

Nauyin ma yana nan. Wanda aka ba beli ya ƙi zuwa kotu, za a ba da takardar kama shi, wanda ya tsaya masa kuma kuɗinsa na cikin haɗari. A ƙarar da ba ta laifi ba, wanda aka kai wa sammaci ya yi biris, ana iya yanke hukunci ba ya nan, a bi dukiyarsa. Ɗaukaka ƙara kuma tana da wa'adi.

To me wannan zai amfane mu? Na farko, mu san shekarar da labarinmu ke faruwa. Lauya sanye da baƙar riga a gaban alƙalin Kano a 1955 kuskuren tarihi ne, haka ma Sarki ya yanke hukuncin kisa a 1990. Na biyu, in ɗan sanda ya tsare uwar jarumi don ɗanta ya gudu, ko ya kulle mutum a kan bashin hatsi, abu ne da ke faruwa, mu rubuta shi, amma a samu wani cikin labarin da ya san zalunci ne kuma doka ta hana. Na uku, mu bar wanda ake ƙara ya yi magana. Tambayar da alƙali ke yi kafin hukunci, ko yana da sauran abin faɗa, nan ne za mu iya juya labari gaba ɗaya.

Wanda ke da fitowar kotu a rubutun da yake kai, ya ajiye mana a ƙasa mu duba ta tare: wace shekara ce, wace kotu ce, kuma an yi i'izari? Allah ya ƙara mana basira.