Albashi da fargaba: yadda ma'aikacin Nijar ya saba da tsoron sallama

A shekarun farko na mulkin kai, ɗan Nijar da ya gama lakwal ya karɓi takardarsa bai san wahalar neman aiki ba. Masu ilimin boko ba su da yawa, gwamnati kuwa ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata. Da zarar an ba mutum lambar aiki, to ya shiga inuwa har ranar da zai yi ritaya. Kuɗin uraniyom sun ƙara ƙarfafa wannan amana: kamfanin SOMAÏR ya soma haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya bi sahu a Akuta a 1978. Aka gina ma'aikatu da makarantu, aka ɗauki mutane. A wancan zamani, uba kan ba ma'aikacin gwamnati ɗiyarsa ba tare da dogon bincike ba.

Inuwar ta fara ja da baya a farkon shekarun 1980, lokacin da farashin uraniyom ya faɗi a kasuwar duniya, bashi kuma ya hau kan ƙasa. A 1983 gwamnatin Seyni Kountché ta ƙulla yarjejeniya da asusun ba da lamuni na duniya, FMI, daga bisani Bankin Duniya ya shigo da nasa sharuɗɗan: a rage kuɗin da ake kashewa kan albashi, a taƙaita ɗaukar sababbin ma'aikata, a sayar ko a rufe kamfanonin gwamnati masu asara. Aka ɓullo da tsarin barin aiki da son rai, inda ake ba ma'aikaci ɗan jari ya tafi ya nemi na kansa. Da bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe a 1990, kowa ya gane cewa babu kujerar da ba ta girgiza. Gemun maƙwabci ya kama wuta, kowa ya shiga neman ruwan da zai shafa wa nasa.

Ɗalibai ne suka fara fitowa fili, domin su ne ke kallon ƙofar aiki tana rufewa a gabansu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy ta Yamai, aka rasa rayuka. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta ɗauki tutar da yajin aiki, har aka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Dimokuraɗiyya ta zo, amma baitulmali bai cika ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Albashi ya riƙa makara watanni, bashinsa na taruwa a kan gwamnati. Mutum yana da aiki a takarda, tukunyarsa kuwa ba ta hau murhu ba.

To da me ma'aikata suka jure? Da abubuwan da suka girmi albashi. Malamin da ya manta da hauya ya koma gonar gado da damina. Uwargida ta shiga adashi, ta ɗaure ragon kiwo don babbar salla, ta soma ƴar sana'a a cikin gida. Mai kanti ya buɗe littafin bashi, mai gidan haya ya yi haƙuri. A Maradi da Birnin Ƙonni, kusancin iyaka da Nijeriya ya ba wasu damar ɗan fatauci. Har hanyar taimako ta juya: ƴan'uwan ƙauye da suka saba jiran aike daga birni, su ne suka koma aiko da buhun hatsi. A gefe guda kuma sandika ta zama wurin da ake haɗa fargabar mutum ɗaya da ta dubu, ta koma buƙata da ake iya ajiyewa a gaban hukuma.

Babban sauyin ya zo a 1998, kuma a makaranta ya sauka. Don a faɗaɗa ilimi da kuɗi kaɗan, aka fara ɗaukar malaman sa-kai a kan jika 35 a wata, waɗanda daga baya aka mayar ƴan kwantaragi. Cikin ƴan shekaru suka zama mafi rinjaye a azuzuwan firamare. Yara da yawa sun samu shiga lakwal ta wannan hanya, wannan gaskiya ce. Amma tsoron da a da yake zuwa kamar fari, ya wuce, yanzu an rubuta shi cikin takardar ɗaukar aiki. Jarabawar tantance ƴan kwantaragi ta 2017, wadda ta raba dubbai da alli, ta nuna haka ƙarara. Su ma mahaƙan Akuta sun ɗanɗana: COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki.

Wannan tarihi yana sauke wa ma'aikaci wani nauyi. Fargabar sallama ba raunin zuciya ba ce, ba kuma alamar gazawarsa ba. Tana da ranar haihuwa, tana da dalilai da aka tsara a ofisoshi. Yana kuma nuna wa waɗanda ke cikinta a yau cewa mutanen da suka tsallake shekarun 1990 da mutuncinsu, yawancinsu ba su tsallake su kaɗai ba. Gona, adashi, zumunci da ƙungiya, duk sai an raya su tun albashi yana zuwa kan kari, domin ba a haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi.