Mai Rarraba Saƙo

mai rarraba saƙo (suna, namiji, jam'i: masu rarraba saƙo). A manhajar kwamfuta, ɓangaren da ke karɓar saƙo ya miƙa wa ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikata masu aiki lokaci guda. A tsarin da Carl Hewitt da abokansa suka gabatar a 1973, kowane ma'aikaci da adireshinsa, ba mai taɓa ajiyar wani, sai dai aike. Mai rarrabawa kan bi su bi da bi, ko ya zaɓi mai ƙarancin saƙo a akwatinsa, zaɓin da ya fi dacewa in aiki ya cunkushe. Misali: saƙon WhatsApp daga Ajingi zuwa Gaya yana ratsa manhajar da aka rubuta da Erlang, harshen kwamfuta mai bin irin wannan tsari da kamfanin Ericsson ya fara a 1986.