Kuntigin Ɗan Maraya da Yaron Mota

Ranar kasuwa a tashar Rogo ko ta Karaye, akwai yaron da ba a cika kallo ba. Shi ke ɗora buhunan masara, shi ke ɗaure igiya, in mota ta tsaya a gangare shi ke dirowa ya sa wa taya dutse. Karen mota ake ce masa. Har aka yi zamanin tabshi da kotso a fadoji, babu makaɗin da ya ga wannan yaro ya isa waƙa, sai da Adamu Ɗan Maraya Jos ya zo.

An haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu, mahaifiyar ta bi baya tun Adamu yana jinjiri. Sarkin ne ya riƙe shi, sunan maraya kuma ya bi shi har kabari. A wata tafiya zuwa Maiduguri ya ga kuntigi, ya rungume shi.

Kuntigi kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: gwangwani, fatar akuya, ɗan sanda, tsirkiya guda. Babu 'yan amshi, babu makaɗa a baya. Mutum ɗaya ne da muryarsa, shi ya sa kowace kalma take fita tas a rediyo, manomi na ji yana kan kunya.

Abin ya yi kama da yadda kiɗan buluz ya tashi a gonakin auduga na Misisipi a Amurka, inda 'ya'yan baƙaƙen fata kan kafa waya ɗaya a bangon ɗaki su koyi kiɗa. Can ne Robert Johnson ya fito, ya naɗi waƙoƙi 29 kacal a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana da shekara 27. Shi ma talauci da yawon duniya ya rera.

Sai dai Ɗan Maraya ya fi shi rabo, don ya ga girmansa da idonsa, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Bayan waƙarsa ta "Karen Mota" ya taɓo auren dole, ya taɓo gulma, ya yi "Mai Akwai da Babu". Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.