Yadda doka ta ture injin kwale-kwale mai bugu biyu

A shekarar 1909, wani makanike haifaffen Norway mai suna Ole Evinrude ya fara sayar da wani ƙaramin inji a birnin Milwaukee na Amurka, wanda ake maƙalawa a bayan kwale-kwale domin a huta da filafili. Ƙarfinsa doki ɗaya da rabi ne kacal. Sai dai tsarin da aka gina shi a kai, wato bugu biyu, shi ya mallake ruwayen duniya har kusan ƙarshen ƙarnin.

Duk wanda ya taɓa zuba baƙin mai a cikin fetur domin tayar da ƙaramin janareta ya san irin wannan inji. Fistan na hawa sau ɗaya, ya sauka sau ɗaya, wuta ta tashi a kowane juyi. Babu bawul, babu kaskon baƙin mai, saboda haka ba shi da nauyi, ga arha, ga saurin ɗauka. Aibinsa yana tattare da wannan sauƙin: ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi sukan buɗe a lokaci guda, sai wani ɓangare na man ya fice bai ƙone ba. Hukumomin muhalli a Amurka sun ƙiyasta cewa asarar kan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Kuma da yake salansar injin a cikin ruwa take, ruwan ne ke shanye ta.

Mai bugu huɗu ya raba aikin daki-daki: ya shaƙi iska da mai, ya matsa, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi, baƙin mai kuwa yana ma'ajiyarsa daban. Kamfanin Honda ya fito da irinsa na jirgin ruwa tun 1964, amma aka shafe shekara talatin kasuwa ba ta waiwaye shi sosai ba. Ya yi nauyi, ya yi tsada.

Doka ce ta sauya lissafin. A 1996 hukumar kare muhalli ta Amurka ta umarci masu ƙera injinan su rage iskar man da ba ta ƙone ba da kashi 75 cikin ɗari, sannu a hankali daga 1998 zuwa 2006. A watan Yunin 1999 kuma aka haramta yawancin masu bugu biyu masu kafireta a tafkin Tahoe. Kamfanonin Japan, irin su Yamaha da Suzuki, suka karkata ga bugu huɗu. OMC, mai mallakar Evinrude da Johnson, ya zaɓi ceto bugu biyu da fasahar fesa mai kai tsaye cikin silinda. Injinan farko suka yi ta ba da matsala, a Disambar 2000 kamfanin ya durƙushe. Bombardier na Kanada ya sayi sunayen, ya gyara fasahar ta yi kyau ƙwarai, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A Mayun 2020 aka daina ƙera Evinrude baki ɗaya.

Ga mai jirgi, sauyin bai tsaya ga kwance wannan a ɗaura wancan ba. Tsofaffin jirage an auna su ne da inji marar nauyi, don haka sabon kan danne bayan jirgin har ruwa ya riƙa tsallakowa. Dole a duba ƙarfin katakon baya, a sake farfela, sau da yawa har da wayoyi da linzamin giya. Ladan wahalar shi ne ragin shan mai da kuma shiru.

Inda dokar ba ta kai ba, tsohon sarki na nan a kan gadonsa. A kogin Kwara da tafkin Chadi, Yamaha Enduro mai doki 40 ne abokin masunta da masu fito, a Gana ma gwamnati ta daɗe tana tallafa wa masunta da fetur da aka riga aka gauraya da baƙin mai. Ba rashin wayewa ba ne, lissafi ne. Idan Enduro ya mutu a bakin gaɓa a Yauri, makanike kan kwance kafireta, ya wanke fulogi, ya tayar da shi kafin La'asar. Na zamani mai fesa mai da lantarki kuwa sau da yawa sai an jona masa kwamfuta kafin a gane ciwonsa, ga shi ba ya jure gurɓataccen fetur.