Sayen tsohuwar mota a Zamfara

A Gusau, kamar sauran biranen arewacin Najeriya, tsofaffin motoci iri biyu ne: 'yan Kwatano, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, da na hannu, waɗanda aka riga aka hau a cikin gida. Na hannun sun fi araha, sai dai sabon fenti kan ɓoye tsohon haɗari.

Da yawa daga cikin 'yan Kwatano sun shigo ne ta Maraɗi da Jibiya, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a watan Janairun 2017. Motar da ba ta da sahihiyar takardar kwastan, ana iya ƙwace ta a hanya ko da mai ita bai san da matsalar ba. Don haka akan gwada lambar shasi da wadda ke jikin takarda kafin a yi ciniki.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, mai zirga-zirga daga Tsafe ko Bunguɗu zuwa Gusau ya fi neman ƙaramin inji, irin na Golf ko Corolla, waɗanda kayan gyaransu ba sa wuyar samu.