Yadda ake buɗe shafin da ke cikin kwamfutar kwaikwayo

Masu ƙirƙirar shafukan intanet da ɗaliban kimiyyar kwamfuta kan gwada aikinsu a cikin abin da ake kira kwamfutar kwaikwayo, kafin su fitar da shi ga jama'a.

Wannan dai wata dabara ce da ke bai wa kwamfuta guda damar ɗaukar wata a cikinta, misali Linux a cikin Windows. Ta ainihin ita ce mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa.

Kamfanin IBM ne ya fara amfani da dabarar a shekarun 1960. VMware ya fitar da tasa manhajar a 1999, sai VirtualBox a 2007, wadda ta koma hannun Oracle a 2010.

Inda ake samun cikas

Sau da yawa mutum kan girka saba a cikin baƙuwar, wato manhajar da ke miƙa shafi ga mai nemansa, irin su Apache ko Nginx. Amma da ya rubuta localhost a burauzar mai masauki, sai shafin ya ƙi buɗewa.

Dalili kuwa shi ne, localhost, ko 127.0.0.1, adireshi ne da kowace na'ura ke nufin kanta da shi. Ke nan mai masauki kanta ta tambaya, alhali shafin na hannun baƙuwa.

Haka kuma VirtualBox kan ɗora sabuwar baƙuwa a kan tsarin NAT, da adireshin 10.0.2.15. A wannan tsari baƙuwa na iya fita intanet, amma babu mai iya shigowa wurinta.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce a bar tsarin NAT, a haɗa wata ƙofa ta mai masauki da ta baƙuwa. Galibi a kan haɗa ƙofa ta 8080 da ta 80, inda saba ke sauraro, sannan a rubuta localhost:8080 a burauza.

Ana zaɓar 8080 ne saboda a Linux ƙofofin da ke ƙasa da 1024 na buƙatar izini na musamman.

Ta biyu ita ce hanyar da ta taƙaita ga mai masauki da baƙuwa kaɗai. A VirtualBox adireshinta kan fara da 192.168.56, kuma shi ake rubutawa kai tsaye.

Ta uku ita ce tsarin gada, inda baƙuwa ke samun adireshinta daga na'urar rarraba intanet ta gida ko ofis, tamkar kowace kwamfuta.

Ko da an yi haka, shafin ba zai buɗe ba idan sabar na sauraron 127.0.0.1 kawai maimakon 0.0.0.0, ko kuma idan katangar tsaron baƙuwar ta toshe ƙofa ta 80.

Batun tsaro

Tsarin gada na da sauƙi, sai dai yana buɗe shafin gwajin ga duk wanda ke kan layi ɗaya, ko a ofis ko a makaranta ko a otal.

Shafukan gwaji kuwa kan zo da kalmomin sirri masu rauni, wani lokaci ma da bayanan mutane na gaske.

Don haka hanya ta biyu ta fi dacewa da mai aiki shi kaɗai, tun da ba ta barin kowa daga waje ya leƙo.